Shekarun da Muka Ƙara wa Kawu

Allah Ya karɓi abinSa ranar Talata, bayan la'asar. Ƙanin mahaifiyata, wanda muke kira Kawu Ƙarami, yana sunkuye kan injin wani kwale-kwale a bakin tafki, sai ya ce wa mai jirgin ya riƙe masa sufana ya ɗan huta. Hutun ke nan. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kabari ya yi masa adalcin da mu danginsa ba mu yi masa ba.

Kwana uku na yi a rumfar zaman makoki ina sauraron yadda mutuwa take gyara wa mutane baki. Duk wanda ya cire takalmi sai ya ce, "Ashe Kyaftin lokaci ya yi." Shekara bakwai ana kiransa da wannan suna a tashar jiragen ruwa da kasuwar kifi, ban taɓa jin an faɗe shi ba sai da guntun murmushi a gefen baki. Ranar Laraba na ji shi babu murmushin, har na kusa kasa gane shi.

Mai shayin tasha, wanda ya saba buɗe hannuwa kamar fukafukai in Kawu ya ba da baya, shi ya fi kowa sharar hawaye. Tsohon hedimastanmu ya zo daga Yelwa da babbar riga, ya ce sabuwar jiharmu ta yi rashin ɗa, ya kamata a sa wa wani titi sunansa. Garinmu titi ɗaya ne, shi ma awaki sun riga kowa mallakarsa. Wani manomi daga kan tudu, wanda ba ya salla tare da mu, ya ajiye damin dawa a ƙofar gida ya tsuguna daga gefe. Da aka matsa masa ya matso, sai ya ce, "Shi ka gyara min injin ban-ruwa. Bai taɓa ce min jahili ba." Ya tashi ya tafi. A duk kwana ukun, wannan ce kaɗai ta'aziyyar da nake jin marigayin zai saurara har ƙarshe.

A gaba, kan buzu, wan marigayin ne, Kawu Babba, yana karɓar gaisuwa da tasbaha a hannu. "Ni na rene shi," yake ce wa kowa. "Duk abin da yaz zama, a hannuna yaz zama." Gaskiya ya faɗa, har ma ta fi yadda yake nufi. A cikin gida kuwa Inna, wadda take tsakaninsu a haihuwa, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta sa an ɗauko mata jakar takardunsa ta ɗora a cinya, ta hana kowa taɓawa.

Ni malamin makaranta ne, aikina gyara kuskuren 'ya'yan mutane da jan biro. Na rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don akwai wani kuskure da na gani da idona na bar shi ya wuce.

Makanikin injin jirgin ruwa ne. Daga Shanga har Warra, in inji ya ƙi tashi, shi ake aika wa. Ba ya taɓa inji sai ya sa mai shi ya ja igiya, ya karkata kai yana saurare kamar alƙali, sannan ya ce, "To, shi ya hwaɗi nashi. Kai kuma mi ka yi mai?" Bai yarda inji yana lalacewa haka kawai ba. Ya taɓa yin wata uku ba ya magana da wani mai jirgin fito, saboda ya kama shi yana haɗa baƙin mai da man gyaɗa. Amma ranar da jirgin mutumin ya mutu a tsakiyar ruwa da mata 'yan kasuwa a ciki, Kawu ne ya ture kwanon abincinsa ya je ya jawo su. Ya gyara injin kyauta, kuma bai amsa gaisuwar mutumin ba. Fushinsa da alherinsa ba sa shiga harkar juna.

Bokonsa aji huɗu ne, a tsohon garinmu, kafin a datse kogi ruwa ya hau ya cinye garin, da makarantar, da maƙabartar da aka binne mahaifiyarsu.

Maganar sama ta faro ne daga jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka kan shinkafa kamar hayaƙi, su tashi su bar wa manomi kara. A shekarun da suka yi yawa akan turo ƙaramin jirgin sama ya yi musu feshi a makwancinsu. Wata shekara famfon feshin ya toshe, aka rasa mai gyara, wani ya ce akwai wani makaniki a bakin ruwa. Kawu ya je, ya saurara, ya gyara. Matuƙin ya rasa da me zai gode masa, sai ya matsa masa wuri suka zaga sau ɗaya.

Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Washegari ya sami Inna tana tankaɗe, ni kuma ina gefe ina duba littattafan yara.

"Yaya, daga sama ana ganin ƙasan ruwa."

"To sai mi?"

"Na ga yashi. Na ga tsohuwar hanyar kogi kwance kamar igiya. Da ya ƙara gaba kaɗan da na ga garinmu. Koyon abin ga za ni yi."

"Mutum da hurhura shi hau sama? Kai dai ba ka jin magana tun ina goyonka."

Ni kuma na sa baki da muryar aji, na ce ginin ƙasa ba ya shekara ashirin a cikin ruwa. Ya juyo ya dube ni.

"Malam, duwatsun da munka jera ma tsohuwa bisa kabari, su ma narkewa su kai?"

Na mayar da kaina kan littattafan yara.

Yana da shekara arba'in da tara a lokacin. Ya sayar da jiragen ruwansa biyu. Shekara shida ya yi yana zuwa wata ƙaramar makarantar koyon tuƙin jirgi can wajen Kaduna, in guzuri ya ƙare ya dawo ya gyara injuna ya koma. Gari ya sami abin dariya na dindindin. Matarsa ce kaɗai ban taɓa ganin ta yi ba, ita dai ta busar masa da kifi ta ɗaure a tsumma, ta ce kada ya ci abincin da bai san hannun da ya dafa ba.

Tsakanin zuwa da zuwa ni ne malaminsa. In an tashi yara mukan zauna ƙarƙashin mangwaron makaranta da gwangwanin kayan lissafina, ina koya masa auna kusurwa, da karatun taswira, da Turancin da matuƙa ke yi da masu ba su izinin sauka. Turancinsa har ya koma ga Allah yana warin fetur. Amma ranar da na ɗauki awa guda ina zana masa yadda iska ke ture jirgi daga hanyarsa, ya bari sai da na gama, na goge alli a hannu, sannan ya ce, "Wanga surutun duka, nufinka in za ka ƙetare kogi ruwa na janka kudu, sai ka karkata hancin jirgi arewa? Tun ina ɗan shekara goma nika yin shi." Ranar da ya fara tashi shi kaɗai ya aiko min wasiƙa mai layi biyu: "Na tashi ni kaɗai. Na sauka, ni da jirgin duka." Na ba shi maki goma bisa goma a zuciyata, abin da ban taɓa ba ɗalibi ba.

Littafin dokokin ma tare muka karanta, shafi bayan shafi. Don haka ba zan iya cewa ban san dokar da ta hana wanda ya cika sittin tuƙin jirgi a matsayin sana'a ba. Ni na ja mata layi da jan biro.

Bai daɗe da samun lasisi ba aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Wanda ya ga lokacin ya san zazzaɓin da aka yi, ko'ina ɗan jiha ake nema. Wani kamfani da ya sami aikin feshin jan-baki ya ji labarin akwai matuƙi ɗan ƙasar Yauri, wanda ya san kowane makwancin tsuntsu daga Shanga har Ngaski. Suka ce ya zo. Abu ɗaya ya rage. Masu inshora ba su yarda da shekarun da mutum ya rubuta wa kansa ba, suna son babba a dangi ya je kotu ya rantse. Kawu yana Kaduna likitoci na duba shi, sai ya aiko min: "Ka kai Yaya Babba kotu. Hamsin da biyar. Kai ne idona."

A nan sai na yi wa wanda ba ɗan garinmu ba bayani. Da aka tashe mu, gidajen da aka gina mana iri ɗaya ne, a jere kamar kujerun aji. Mai zaure uku da mai bukka duk suka wayi gari da ɗaki iri ɗaya. Ba a bar wa dattawa abin da za su fi juna da shi ba sai shekaru. Wanda ya fi kowa tsufa shi ake fara miƙa wa goro, shi ke fara magana a taro, shi ke ba da aure in uba ba ya nan. Rajistar makaranta kuma tana ƙarƙashin ruwa. Saboda haka shekarun dattawanmu suka riƙa gudu fiye da na sauran bayin Allah. Ban taɓa jin an kira wannan ƙarya ba. Ƙara wa mutum shekara a wurinmu kamar ƙara masa tsoka ne a miya.

Kawu Babba ya daɗe yana zaune a kan saba'in. Maƙwabcinsa, wani tsoho mai saƙar taru da suka yi shekara ashirin suna jayayyar wa ya riga wa zuwa duniya, yana kan sittin da takwas, yana jiran ya yi tuntuɓe. Kowa kuma ya san shekara takwas ne tsakanin Kawu Babba da ƙaninsa, don Inna ta sha faɗa.

Ranar da za mu Yelwa, mai tarun ya ce shi ma zai sayo zare, a tafi da shi. Zaren bai hana shi biyo mu har cikin kotu ya zauna a benci ba.

Akawun kotu ya sa takarda a tafireta. "Baba, ƙaninka ne?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Shekararsa nawa?"

Na buɗe baki zan ce hamsin da biyar, tsohon ya riga ni daga benci. "Bi a hankali dai, Alhaji, Littafi za ka dahwa. In yaron ga hamsin da wani abu ne, kai sittin da 'yan kai ke nan. Gobe ni za a hwara ba goro."

Masu jiran layi suka yi dariya. Na ga jijiyar wuyan Kawu Babba ta tashi. Bai yi makaranta ba, amma ɗebe takwas daga saba'in bai gagare shi ba.

"Sittin da biyu," ya ce. "Rubuta."

Tafireta ta buga. Akawun ya zare takardar ya miƙo min. "Malam, karanta masa kafin ya dangwala."

Na karanta da Turanci, na fassara da Hausa, da kyakkyawan lafazi kamar ranar rabon kyaututtuka. Na zo kan lambar na faɗe ta. Wan mahaifiyata ne, shi ya yanka ragon sunana, ga abokin hamayyarsa yana kallo, ga baƙi. Ɗan ƙanwa ba ya ce wa kawunsa "ba haka ba ne" a gaban mutane. Akawun ya ce, "Akwai gyara?" Na ce, "Daidai ne."

A hanyar gidan waya ina ce wa kaina zan haɗa da wasiƙar bayani. Da na isa sai na ce ai ba mai karanta irin waɗannan takardu, na ga tarinsu a fayil ɗin yara ƙura ta rufe. Na lasa ambulan na manne. Ɗanɗanon gam ɗin nan yana bakina har yau.

Ashe akwai mai karantawa. Lasisi ya ce hamsin da biyar, rantsuwar dangi ta ce sittin da biyu. Kamfanin ya ce ko dai ya wuce shekarun aiki, ko kuma ya yi ƙarya tun farko, kuma ko wanne ne ba za su ɗauke shi ba. Da lokacin sabunta lasisin ya zo, maganar ta riga shi isa. Aka ce hanya ɗaya ce, wanda ya rantse ya koma kotu ya ce rantsuwarsa ba daidai ba ce.

Ya dawo ranar kasuwa, ya wuce gidan wansa kai tsaye. Ya tsuguna ya gaishe shi kamar kullum, sannan ya ajiye takardar a gabansa. Ina tsaye a bakin ƙofa.

"Yaya, shekara bakwai kunka ƙara min."

"To laihi ne? Girma na ba ka. Wasu roƙo su kai a ƙara musu."

"Girman ya hana ni aiki. Sun ce sai ka koma ka warware."

"In koma in ce ma alƙali na dahwa Littafi na yi ƙarya? In zauna ƙasan wancan mai tarun? Kai da ka tashi sama ya hi a ƙirga, mi ya rage maka?"

"Ban tashi bisa garinmu ba."

"Garinmu na nan inda kake tsugune."

Kawu Ƙarami ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Wani lauya ya ce masa zai iya kai ƙara. Inna ta ce za ta je ta ba da shaida, ita da ta goya shi. Ya ce ba zai tsayar da wansa gaban alƙali a kira shi maƙaryaci ba, ko da za a ba shi jirgin kyauta. Wato al'adar da ta rufe min baki ita ta ɗaure masa hannu. Bambancin kawai, shi ya rasa abin da ya fi so a duniya, ni ko barcin rana ban rasa ba.

Ni bai tambaye ni komai ba. Bayan kwana biyu ya zo makaranta yara sun fita tara, ya ajiye gwangwanin kayan lissafina a kan tebur, an goge shi tas, kowane abu a gurbinsa.

"Malam, ga kayanka. Na gode."

"Kawu, ni wallahi..."

"Na biya ta kotun. Akawun ya ce kai ka karanta. Ya ce karatunka ba gargada."

Ya fita. Shekara bakwai bayan haka yana amsa gaisuwata. Ya zo sunan 'ya'yana, ya gyara min babur sau biyu. Amma bai sake miƙo min takarda in karanta masa ba, ko da ta asibiti ce. Mai kemis yake kai wa.

Duk shekarar da jirgin feshi ya zo da wani matuƙi daga nesa, Kawu kan ajiye sufana ya tsaya a bakin ruwa da hannu a goshi, yana magana shi kaɗai. "Ya yi sama da yawa, iska za ta kai maganin gonar mutane." Ko kuma, "Ba can suka kwana ba, bawan Allah, suna cikin kyauron bayan tsibiri." Sai 'yan tasha su ce, "Kyaftin, a kira maka shi a waya?" Inna ta ce min wani rani da ruwa ya ja baya ya ɗauki kwale-kwale shi kaɗai, ya je daidai inda garin yake ya kashe inji, ya leƙa. Ya dawo ya ce mata daga kan ruwa mutum fuskarsa kawai yake gani.

Mai tarun ya riga Kawu Ƙarami rasuwa da shekara biyu, goro ya tabbata ga Kawu Babba babu abokin takara. Na yi zaton a lokacin zai ce a koma kotu. Bai ce ba. Ni ma da nake zato ban ce ba.

Ranar sadakar uku hedimasta ya ce a rubuta sanarwa a kai gidan rediyo. Aka miƙo min biro, kamar kullum. Na rubuta suna, na rubuta gari, da 'ya'ya da jikoki. Na zo kan shekaru.

"Sa sittin da tara," in ji Kawu Babba. "Akwai takarda."

Rumfar cike take, har da baƙi daga Ngaski. Na ɗaga biron daga kan takarda.

"Kawu, sittin da biyu ne."

"Mi ka ce?"

"Bana ya cika sittin da biyu. Ranar da muka je kotu hamsin da biyar yake. Kai ka rantse, ni na karanta. Mu biyu muka sauko da shi."

Liman ya duƙar da kai. Kawu Babba ya dube ni, sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Girma na ba shi." Ya sake faɗa, amma wannan karon ba da ni yake ba.

Na rubuta sittin da biyu. Sai da na ga lambar a takarda na lura ita ce dai wadda na karanta a kotu. Shekara bakwai ya yi a ƙasa kafin ya iso ta.

Labari ya riga ni shiga cikin gida. Inna tana zaune da jakar a cinya. Ta buɗe ta fito da taswirar tafki wadda ninki ya cinye, ta miƙo min. Layin fensir ɗaya ne a jikinta, an ja shi da rula daga filin saukar jirgi zuwa wani wuri a tsakiyar shuɗin ruwa, an rubuta kusurwa da mintoci a gefe. Na duba lissafin, don hannuna ya saba. Babu kuskure ko ɗaya. Tafiyar minti goma sha ɗaya ce.

"An ce ka yi magana a waje," ta ce.

"Na yi, Inna."

"Madalla." Ta karɓe taswirar daga hannuna, ta mayar cikin jaka, ta ja zif. "Allah Shi jiƙan ƙanena. Shi dai ba ya ji yanzu."